Turba, Ruwa da Takardar Gona: Jagora ga Manomin Jazira da Bahar Azrak

Rigimar ƙasa a ƙauyukan Hausawan Jazira da na gaɓar Bahar Azrak takan fara ne da ƙaramin abu. Maƙwabci ya matso da shingensa ya cinye rabin turbar da amalanke ke bi zuwa gonakin baya. Wanda ke bakin magudana ya datse ruwa cikin dare, na ƙarshen layi ya wayi gari dawarsa ta lanƙwashe. Wani ya ta da katanga, ruwan damina ya rasa hanyarsa ta dā ya nufi ɗakin na gangare. Kafin a ankara an kai ga sanda, daga sanda sai ofishin 'yan sanda. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne: mallakar ƙasa, da haƙƙin bi ta kanta, da haƙƙin ruwan da ke ratsa ta, abubuwa uku ne mabambanta, kowanne da irin shaidarsa da ƙofar da ake kai kukansa, kuma wanda ya rubuta haƙƙinsa tun ana ga-maciji da maƙwabci shi ke da abin riƙewa ranar da aka ɓata. Daɗewa a wuri da shaidar dattawa suna da daraja, amma a ƙarƙashin dokar ƙasa ta Sudan ba su isa su tsayar da mutum su kaɗai ba.

Dalilin haka yana cikin tarihi. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, kuma a 1906 suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Bahar Azrak, kudu da Sinnar. Alhazai masu tafiya Makka a ƙasa da masu neman aikin auduga suka yi ta ƙaruwa a kansu, ƙauyuka suka bazu daga Jazira har Rusairis. Akasarin filayen da suka samu da izinin baki ne, daga sarki ko shehun wuri. A 1925 Turawa suka kafa dokar tantance filaye da yi musu rajista, wadda har yau ita ce gindin rajistar ƙasa a Sudan, sai dai aikin rajistar bai game ko'ina ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 kuma ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa maza suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar zuriyar masu hijira da yawa a waje na tsawon shekaru kafin a sassauta shi. Sai babbar guguwa ta zo a 1970, zamanin mulkin Numairi: dokar da ta ce duk filin da ba a yi wa rajista ba, ko da mutane a kai ko babu, ya zama na gwamnati. Dokar mu'amalolin farar hula ta 1984 ta soke waccan, amma ta bar asalin mallakar a hannun gwamnati, ta amince wa mai noma da haƙƙin cin moriya kawai. A farkon shekarun 1990 aka ƙara gyaran da ya hana kotuna sauraron ƙarar mallaka a kan gwamnati game da filinta. Duk wanda ya haɗa waɗannan zai ga inda manomi Bahaushe ya tsaya: kakansa ne ya sare dajin, amma a littafin hukuma wataƙila babu sunan kowa nasa.

Don haka aikin farko, tun kafin a yi wa kowa magana, shi ne ka san wace irin ƙasa ce a ƙarƙashin ƙafarka. Akwai milk hur, mallaka ta kai tsaye mai rajista. Akwai hikir, filin gwamnati da aka ba mutum haya na wasu shekaru, shi ma da rajistarsa. Sannan akwai hiyaza, riƙo na zama da noma ba tare da rajista ba, kuma nan ne yawancin mutanenmu suke. Hanyar ganewa ɗaya ce: a je ofishin rajistar filaye, wanda a Sudan yana ƙarƙashin hukumar shari'a, a nemi shahadar bahas da lambar fili da ta yanki. Wannan takarda za ta nuna sunan da ke kan filin, da faɗinsa, da ko akwai jingina ko wani nauyi a kansa. A nemo sabuwa, domin tsohuwa ba ta nuna abin da ya faru bayan ranar da aka buga mata hatimi. Idan filin ba shi da rajista, sai a nemi shahadar hiyaza daga kwamitin ƙauye da ƙaramar hukuma, a haɗa da takardar da ke shaida babu jayayya a kansa, da kuruki, zanen ma'auna ƙasa mai nuna kusurwoyi huɗu da sunayen maƙwabta. Kada kowa ya ɗauki shahadar hiyaza a matsayin mallaka. Ba ta hana gwamnati karɓar fili. Amfaninta shi ne tsakaninka da wani mai da'awa irinka, da kuma ranar da za a yi maganar diyya ko tsara ƙauye. Rasit na harajin gona da na kuɗin ruwa su ma shaida ne, kuma su ne aka fi watsarwa.

A cikin aikin noman Jazira lamarin ya ƙara sarƙewa. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, dokar filayen Jazira ta 1927 ta ba gwamnati ikon karɓar hayar filaye daga masu su, ko suna so ko ba sa so, a kan girshi 10 kowane faddan a shekara, na tsawon shekara 40, sannan aka yanka ƙasar aka raba ta hawasha-hawasha, wato gonakin da ake ba manoman aikin. Wa'adin ya cika a 1967, kuma har yau jikokin masu filayen suna bin kadin haƙƙinsu. Ke nan a kan gona guda za ka iya samun mutum uku: mai asalin ƙasa, da mai hawasha da sunansa ke littafin hukumar aikin da ke Barakat kusa da Wad Madani, da mai riƙe fartanya, wanda sau da yawa Bahaushe ne da ya shiga noman raba-daidai ko ya karɓi hayar kaka ɗaya. Dokar aikin Jazira ta 2005 ta ba mai hawasha damar sayarwa ko jinginarwa, kuma nan ne ake yawan ƙonewa. Mutum ya biya kuɗi a gaban shaidu biyu a gindin bishiya, ya yi shekaru yana noma, mai sayarwa ya rasu, magada su zo da littafin da har yanzu sunan ubansu ne a ciki. Sayen hawasha bai cika ba sai an sauya suna a littafin hukuma. Kafin a biya, a tabbatar an raba gado, kuma kowane magaji, har da mata da waɗanda ke ƙasar waje, ya sa hannu ko ya wakilta wani a rubuce. Mai noman raba-daidai kuwa ya rubuta wa zai biya iri da taki da kuɗin ruwa, da abin da za a yi idan ruwa ya yanke a tsakiyar kaka.

Ruwa ne ya fi haddasa faɗa, shi ya sa ya kamata a dube shi da kyau. Daga babbar magudana ruwa yakan shiga matsakaita, daga nan ya shiga ƙarama, wato tur'a. A jikin tur'a akwai bututu mai murfi da ke zuba ruwa a abu ishirin, wadda ke bin tsawon nimra guda: fili mai faddan 90, tsawonsa mita 1,350, faɗinsa 280. Daga abu ishirin ake fasa abu sitta zuwa kowace hawasha, daga nan ƙananan kwarori su raba ruwan cikin kunyoyi. A tsarin asali ana shayar da nimra sau ɗaya a mako biyu, da rana, tur'a kuma ta tara ruwan dare. Gafir, mai gadin magudana, na riƙe da mabuɗin bututu, samad, wanda manomi ne daga cikin manoman nimrar, yana lura da layi, mufattish kuma yana sama da su duka. Wannan tsari ya raunana. Dokar 2005 ta miƙa ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, a 2009 aka sallami mafi yawan ma'aikatan aikin, daga baya gyaran 2014 ya soke ƙungiyoyin. Laka da ciyawa suka cike tur'o'i, na farkon layi ya koyi dasa buhunan ƙasa ko kafa injin tsotso. Idan kai ne na ƙarshen layi, abin da za ka fara yi shi ne bin abu ishirin da ƙafa tun daga gonarka har bakin bututu, da samad da manoma biyu waɗanda ba 'yan uwanka ba. A ga inda ruwa ya tsaya. Sau da yawa za a tarar laka ce ko rashin ruwa a tur'ar kanta, kuma wannan kuka ne na ofishin ban-ruwa, ba laifin maƙwabci ba. In kuwa an ga datsiya sabuwa, da ɗanyar laka da sawun ƙafa a kanta, ko an fasa gefen magudana an karkatar da ruwan, a ɗauki hoto da waya a ranar, a ɗauki na amfanin da ya bushe, a rubuta kwanan wata da sunayen waɗanda suka gani. Shaidar ruwa ba ta kwana biyu. Gobe an share datsiyar, jibi an ce ba a taɓa yi ba.

Hujjar da za ka tsaya a kai ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun zaure. Fikihu ya san haƙƙoƙi huɗu da ke bin ƙasa ko da ta sauya hannu: na rabon ruwan shayarwa, da na ratsa da magudana ta filin wani, da na fitar da ruwan da ya yi yawa, da na wucewa. Dokar 1984, wadda aka gina a kan fikihu, ta san su. A Muwaɗɗa Malik an ruwaito hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruwan kwaruruwan Madina: na sama ya riƙe har ya kai idon sawu, sannan ya saki ga na ƙasa. Fifikon na sama yana da ma'auni ke nan, kuma ma'aunin shi ne abin da na ƙasa zai nema a zartar. A littafin dai an kawo labarin Dahhak ɗan Khalifa da ya so ratsa da magudana ta gonar Muhammad ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi, Sayyadina Umar ya tilasta a wuce da ita tunda ba ta cutar da mai gonar, har ma zai amfana. Malaman mazhabarmu sun yi saɓani kan ko a tilasta wa kowa irin wannan a kowane zamani, don haka mai neman fasa sabuwar magudana ta gonar wani ya fara da neman yarda da tayin diyya. Amma magudanar da aka tarar, wadda ruwa ya daɗe yana bi, ƙa'ida ita ce a bar ta yadda take matuƙar ba ta cutarwa, kuma wanda ya sayi gonar ya saye ta ne da wannan nauyi.

Haka hukuncin yake ga ruwan damina. Ƙasar Jazira baƙar laka ce shimfiɗaɗɗiya, ruwa ba ya nutsewa da wuri, taku ɗaya na tudu ya isa ya juya shi. Na gangare ba shi da ikon toshe ruwan da ke gangarowa bisa ɗabi'arsa, na tudu kuma ba shi da ikon tara shi ya sako wa na ƙasa ta wurin da bai saba bi ba, ko ya sa indararonsa ya zuba a tsakar gidan wani.

Turba ita ce ta fi wuyar shaida, domin kowa na bi kuma ba wanda ya rubuta. Sai a bambance iri uku. Hanyar jama'a da ke cikin taswirar ƙauye, da gefen tur'a da aka ware wa aikin ban-ruwa, ba na kowa ba ne. Wanda ya ci su ana kai kukansa ƙaramar hukuma ko hukumar aikin, kuma kowa na iya kaiwa. Burtali, wanda a nan ake ce wa masar, hukuma ce ke shata shi, kuma manomin da ya shuka a cikinsa ya raunana ƙararsa tun kafin shanu su shiga. Na ukun shi ne turbar da ta ratsa gonar wani zuwa taka. A nan za a tambaye ka abu uku: tun yaushe ake bi, da izini ne ko da haƙƙi, kuma kana da wata mafita? Gonar da ba ta da hanyar fita sam tana da haƙƙin a ba ta, ta wurin da ya fi sauƙin ɓarna, tare da biyan diyya. Wadda ke da wata hanya, ko da ta fi nisa, hujjarta ta fi rauni. Hadisin da ke cikin Buhari da Muslim ya sa kamu bakwai a matsayin faɗin hanya idan aka yi saɓani, kuma dattawa kan kafa da shi. Amma kamu bakwai bai kai mita huɗu ba, injin girbi kuwa ya fi haka, saboda haka a rubuta faɗin da mita, a kuma faɗi abin da zai bi: ƙafa, jaki, amalanke ko tarakta. Mai ƙasar ma yana da kariya a rubutu. In don zumunci ka bar maƙwabci yana bi, ka rubuta cewa aro ne, don kada jikansa ya mai da shi gado.

Masu noman jarfi, wato gaɓar kogi da ake nomawa bayan ruwa ya janye, suna da nasu ƙarin aiki. Iyakarsu ruwa ne ke shata ta, ruwan kuma ya canja hali. An gina madatsar Rusairis a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 a 2013, tafkin ya cinye gonaki, aka kwashe dubban iyalai zuwa sabbin garuruwa masu lamba. Tun 2020 kuma babbar madatsar Habasha ta fara tara ruwa, ambaliya da lakar da take kawowa suka sauya. Duk iyakar da aka ɗora a kan inda ruwa ya saba tsayawa ta zama abin jayayya. A auna jarfi daga alama tabbatacciya a kan tudu, a rubuta faɗin kowa a bakin gaɓa.

Idan shaida ta haɗu, ƙofar farko judiyya ce, zaman sulhu na ajawid, wato dattawa masu shiga tsakani. A zaɓi dattawan da ɓangarorin biyu suka yarda da su, kuma in abokin rigimar ba Bahaushe ba ne, dole a sami umda ko shehu na nasu a zaman. A yi shi a wurin da ake jayayya, ana gani ana aunawa. Kuskuren da ake yi shi ne a tashi da fatiha da musafaha kawai. Takardar sulhu ta ƙunshi cikakkun sunaye da lambar ɗan ƙasa, da lambar nimra da hawasha ko zanen wurin, da faɗin turba, da ranaku da sa'o'in ruwan kowa, da wanda zai yi yasar magudana, da abin da wanda ya saɓa zai biya, da bayani ƙarara cewa ta hau kan magada da duk wanda ya saya. A rubuta da Larabci don kotu, a karanta da Hausa a gaban kowa, a sa hannu ko dangwale, a kai wa lauya mai ikon tabbatar da takardu ko kotun karkara ta buga hatimi. In filin mai rajista ne, a nemi a shigar da haƙƙin turba ko magudana a rajistar. Sai sulhu ya gagara ake zuwa kotun farar hula, kuma abin da za a fara roƙo shi ne umarnin wucin gadi na buɗe ruwa ko dakatar da gini, domin shari'a na iya cin shekara, dawa kuwa ba ta jira. Abin da ba a yi ko kusa shi ne rushe katanga ko fasa magudana da hannunka. Sashe na 182 da na 183 na dokar laifuka ta 1991 sun tanadi hukunci kan ɓarnar dukiya da kutse, kuma mai gaskiya kan koma wanda ake tuhuma cikin dare ɗaya.

Akwai masu cewa neman maƙwabci ya sa hannu zargi ne, amana ta fi takarda. Amsa ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi tsakanin muminai, ba don ana zarginsu ba. Masu amanar za su mutu, takardar ta magada ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya wallafa littafi a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da fili. Tantance haƙƙin ƙasa gadonmu ne.

Suka mafi nauyi ita ce ta wanda zai ce: wace takarda ce ta tare harsashi? A Yulin 2022 faɗa ya ɓarke a Bahar Azrak bayan an ƙi buƙatar Hausawa ta samun sarautar gargajiya tasu, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, ɗaruruwa suka mutu, dubun dubata suka bar gidajensu. A Disambar 2023 Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025, kuma a kwanakin an kashe mutane a Kambo Tayba, ɗaya daga cikin kanabi, wato matsugunan ma'aikatan gona. Mazauna kanabi, waɗanda suka yi wa Jazira aiki zuriya bayan zuriya, da yawansu ba su da takardar ko da filin da ɗakinsu ke kai. Duk wannan gaskiya ne, kuma babu jagorar da za ta maye gurbin gyaran doka da adalcin hukuma. Amma a lura da abin da ke biyo bayan gudu: mutum ya dawo ya tarar wani na noma gonarsa, an toshe turbarsa, dattawan da suka san iyaka sun rasu ko sun warwatse. A wannan rana shahadar hiyaza da rasit na shekaru goma su ne bambanci tsakanin mai da'awa da mai roƙo. Masu ganin sarauta ce maganin komai su ma su duba: Numairi ya rushe mulkin gargajiya a farkon shekarun 1970, aka dawo da shi daga baya, kuma abin da gwamnati ta bayar da sa hannu tana iya karɓewa da sa hannu. Neman wakilci haƙƙi ne, sai dai rawani ba ya shigar da sunan kowa a rajista, kuma idan aka mai da rigimar kamu bakwai ta zama ta ƙabila da ƙabila, mai ƙaramar gona ne ke fara asara.

Kirana ga limamai da shugabannin ƙauyuka da matasan da suka yi karatu shi ne kowane ƙauye ya buɗe littafi tun kafin shuka mai zuwa: a bi gona-gona, a rubuta mai ita da maƙwabtanta huɗu da turbarta da magudanarta, maƙwabta na kowace ƙabila su sa hannu. A ɗauki hoton kowace takarda, a aika wa ɗan uwa a wani gari. A fara da gonakin zawarawa da marayu da na waɗanda ba su dawo daga gudun hijira ba tukuna.